Gidan likita ba magani, ina amfaninsa?

Jama'ar Madarunfa da Ɗan Isa,

Tun 2006 aka ce an yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. To ke uwa, sau nawa kika kai ɗanki gidan likita aka miƙo miki takarda, aka ce ki sayo a waje? Gwamnati ba ta mayar wa gidajen likita kuɗinsu da wuri, shi ya sa magani yake yankewa. Daga nan sai wajen mai tallar ƙwayoyin da rana ta gama dafawa.

Kada ku ga laifin ma'aikacin lafiya, shi ma hannunsa a ɗaure yake.

In kuka ba mu ƙuri'a, kowane gidan likita zai samu ruwa mai tsabta, da firji mai aiki da hasken rana don maganin rigakafi. Allura kuwa sabuwa, a ɓare ta a gabanku.