Ramin Hanya Yana Da Mai Shi



Maganar da aka ce in yi muku yau ta keke ce, da hanyar da yake bi. Kada kowa ya raina ta. A nan Kano keke shi ne jakin talaka. Da shi mai burodi yake zaga unguwa, da shi ake kai kaya Kurmi da Kwari da Sabon Gari, da shi yaro yake zuwa makaranta. A 2013 gwamnatin jiha ta hana acaɓa. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa suka jingine babur, suka karkaɗe tsohon kekensu. Watau tsada ce ta koro talaka bisa keke, sa'an nan ya hau titi ya iske ba a shirya masa ba.

Bari mu fara da yadda hanya take mutuwa. Babban abokin gaban kwalta ruwa ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rana ta gasa kwalta, ta tsage. Damina ta zo, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙarƙashi, ta yi laushi. Babbar mota ta taka, kwalta ta rufta. Abin da ya fara kamar faɗin tafin hannu a watan Yuni, kafin Agusta ya ƙare ya zama rami. In kuwa kwata ta toshe da leda da yashi, ruwa ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a gefen titi ya yi ta cinsa. Don haka galibi gefen hanya ke fara zubewa. To, wa ke bin gefen hanya? Mai keke.

Mai mota in ya faɗa rami, abin da zai yi asara taya ce. Mai keke kuwa jikinsa ne bodin motarsa. Ƙafar keke siririya ce, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. In ta gaba ta cije a bakin rami, keke ya tsaya cik, mahayi ya wuce ta kansa ya sauka da fuska. In ya hangi ramin ya kauce, ya shiga gaban motar da ke bayansa. In shi bai kauce ba, mai mota ko mai adaidaita zai kauce wa nasa ramin ya hau kansa. Ga yashin da ruwa ya tara a gefe, wanda ke zame taya. Ga ramin da ruwa ya cika, ba mai sanin zurfinsa sai wanda ya faɗa. Ga kwatar da aka ɗauke wa murfi. Da dare, inda babu fitilar titi, duk waɗannan tarko ne. In akwai buhu a baya, nauyin kayan shi ke ƙarasa kayar da mutum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. In aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. A 2001 ministan sufuri na wancan lokaci, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su hau keke. Shi kansa ya hau a Abuja, bas ta ture shi cikin kwata. Allah Ya kiyaye, ya tashi. In minista bai tsira ba a titin Abuja, ina ga mai tallan burodi a hanyar da ta farfashe?

In aka kwashi mutum zuwa asibitin ƙashi na Dala, sai mu ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, rai da ajali na Allah ne. Amma ramin ba daga sama ya faɗo ba, kuma kowace hanya tana da mai ita. Manyan hanyoyin da suka fita Zariya da Katsina da Maiduguri na gwamnatin tarayya ne, kuma tun 2002 aka kafa hukumar FERMA don gyaransu. Titunan jiha akwai hukumar KARMA. Ƙananan hanyoyin unguwa da ƙauye suna wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda a Kano 44 ne. Kuɗin gyaran kuwa daga ina? Daga harajinku, da kuɗin rumfa, da rasit ɗin da ake yanka muku a bakin kasuwa. Wanda ya nemi a cike rami ba bara yake yi ba, hakkinsa yake nema.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Na farko, kowane layi na kasuwa ya san hanyar da ke gabansa ta wace hukuma ce. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarku, ku faɗi wurin ramin da ranar da kuka gan shi, ku sa hannu, ku ajiye kwafi. Ku kai wa kansila da ɗan majalisarku. In an yi shiru, ku sake kaiwa. Ku kai da rani, domin liƙe tsaga kafin ruwa ya fi arha nesa da sāke titi bayan ruwa.

Na biyu, mu ma mu share ƙofarmu. Kada mu zuba shara a kwata, kada mu baza kaya a gefen titi mu tura mai keke tsakiyar motoci.

Na uku, ku masu keke, ku duba birki kafin ku fita. Ku sa fitila gaba da baya. Kada lodi ya fi ƙarfin hannunku. Ruwan da ba ku ga ƙasansa ba, ku sauka ku tura. In hatsari ya faru, lambar hukumar kiyaye hatsari ta ƙasa ita ce 122.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar mutum ɗaya ana iya jefa ta cikin aljihun tebur, amma ta kasuwa guda ba ta jefuwa. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.