Rarrabe Ƙananan Ƙwayoyin Zinariya da Kiromatogirafi: Abin da Ya Shiga Bututu da Abin da Ya Fito



Duk wanda aka taɓa huda wa yatsa a asibiti, aka ɗiga jininsa kan ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ga zinariya ko da bai sani ba. Jan layin nan da ke fitowa, a yawancin katunan, ƙwayoyin zinariya ne suka taru, kowace faɗinta wajen nanomita 40. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A wannan ƙanƙanta zinariya ja take zama. Michael Faraday ya haɗa irin wannan jan ruwa a Landan, ya bayyana shi a 1857, sannan a 1908 lissafin Gustav Mie ya nuna cewa girman ƙwaya ne ke yanke irin hasken da za ta sha. Mai nanomita 15 tana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 520, amma da ta girma, ko ta dunƙule da 'yan'uwanta, sai ruwan ya karkata zuwa shuɗi.

Haɗa su ba wuya. Hanyar Turkevich ta 1951, wadda Frens ya gyara a 1973, tafasa gishirin zinariya ne da sinadarin sitiret. Wuyar tana wajen sanin abin da aka haɗa, domin tukunya ɗaya ba ta fitar da ƙwayoyi kai ɗaya. Madubin lantarki yana nuna ƙwaya ƙuru-ƙuru, sai dai 'yan ɗaruruwa mutum zai ƙirga daga cikin biliyoyi. Na'urar da ke awo da watsuwar haske kuma tana fifita manya: ƙwayar da ta ninka wata sau 10 a faɗi tana watsa haske sau miliyan fiye da ita. Dunƙule kaɗan sun isa su rufe dubban ƙanana. Shi ya sa nake ganin a fara rarrabewa kafin a auna.

Kiromatogirafi, wanda masanin tsirrai Mikhail Tsvet ya fara da launukan ganye a farkon ƙarni na 20, shi ne ke wannan aiki. Nau'in da ya fi dacewa da mu shi ne na rarrabewa da girma. Ana cika bututu da ƙwayoyin silika ko na roba masu ramuka, a tura samfur ciki da ruwa. Ya saɓa wa tankaɗe, inda laushi ke fara faɗowa. Nan manya ne ke riga fita. Ku ɗauki tsohon gari: babbar mota ba ta shiga lungu, sai ta miƙe titi ta wuce, yaro mai keke kuwa sai ya leƙa kowane lungu, ya iso a makare. Lokacin fitowar kowace ƙwaya shi ne shaidar girmanta. Sai a tuna, girman nan ya haɗa da rigar da aka lulluɓe ƙwayar da ita, wadda madubin lantarki ba ya cika gani.

Ga inda nake so mu tsaya. Zinariya a wannan girma tana da manne wa abu. Takan liƙe a jikin silika ta ƙi fita, ko ta fito a makare a ɗauka ƙarama ce. Na taɓa zuba samfur ja wur, zanen da na'ura ta fitar ya yi kyau ƙwarai, sai da na kwance bututun na tarar bakinsa ya rine. Wani kaso na zinariyata bai taɓa isa wurin awo ba, kuma zanen bai nuna alamar haka ba ko kaɗan. Wei da Liu na Taiwan sun nuna a 1999 cewa zuba sinadarin SDS, ɗan'uwan sabulu, cikin ruwan turawa yana rage wannan liƙewa sosai. Akwai kuma hanyar da Hamish Small ya fito da ita a 1974, mai amfani da ƙwayoyi marasa ramuka, inda gudun ruwa kaɗai ke rarrabewa. Liƙewa ta fi sauƙi a can, amma ba ta bambanta masu kusancin girma da kyau. Idan aka haɗa bututun da na'urar ICP-MS, mai gane sinadari ta nauyinsa, aiki ya ƙara sauƙi, tunda zinariya ta asali nauyi ɗaya gare ta, 197, ana iya auna yawanta a bakin shiga da bakin fita.

Hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙwayoyin ma'auni na nanomita 10 da 30 da 60, waɗanda ake iya daidaita bututu da su. Roƙona ga malamanmu masu duba kundin ɗalibai da masu tace maƙalu shi ne, kada ku karɓi sakamakon da bai faɗi da me aka daidaita bututu ba, da kaso nawa na zinariyar da aka zuba ya fito. Katin da za a gwada jinin yaro mai zazzaɓi da shi, daga irin wannan awo ingancinsa ke farawa.