Wa'azi a kan Sayen Hannun Jari Sa'ad da Kasuwa ta Faɗi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Gyadi-Gyadi da Tarauni, an tambaye ni hukuncin sayen hannun jari sa'ad da farashi ke faɗuwa, jama'a suna sayarwa don tsoro.

Ku sani, hannun jari tarayya ce cikin dukiyar kamfani, watau musharaka. Ya halatta matuƙar sana'ar kamfanin ba giya ba ce, ba caca ba, ba riba ba.

Ina tunatar da ku shekarar 2008. Cikin watan Maris kasuwar hannun jari ta Legas ta kai ƙololuwa, kāna ta rushe. Kafin shekara ta kewayo fiye da rabin darajarta ya tafi. Waɗanda suka fi taɓewa su ne masu saye da rancen banki. Banki ya sayar da hannayensu da arha, bashi ya saura a wuyansu. Har a 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna.

Rago ba ya rage nama don kuɗinsa ya karye bayan Layya. To, ku dubi kamfani: in yana aiki, yana cin halal, wanda ya saya da rarar kuɗinsa yana iya jira. Mai bashi ba ya iyawa. Kada ku taɓa kuɗin cefane, ko dukiyar maraya, ko ajiyar wani.

Allah ne Masani. Wassalamu.