Tuffa, iccen ƙasashen sanyi

Yau za mu yi magana bisa tuffa, wadda 'yan birni ke ce ma pom. Kuna ganin ta a kasuwar Yamai ko ta Maraɗi, ja ko tsanwa, da tsada. Ba a garakenmu take fitowa ba. Daga waje ake kawo ta, kamar Maroko da Afirka ta Kudu.

Asalinta duwatsun Kazakistan ne, cikin tsakiyar Asiya. Yanzu ƙasar Sin ce ke kan gaba wajen noman ta.

Wataƙila kun taɓa cin guda, kuka ce bari ku shuka ƙwayar. Ku dakata tukuna. Iccen tuffa yana son sanyi mai tsanani. Lokacin ɗari yakan zubar da ganye, ya yi barci. Iri da yawa sai sun samu awa 800 zuwa 1000 na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin su farka su yi hure da kyau. Hunturunmu bai kai nan ba. Iccen yana iya tsirowa, ya sha ruwan rijiyarku shekara da shekaru, bai ba ku komi ba.

Ko a ƙasashen sanyi manoma ba sa dogara da ƙwaya, domin ɗiyan ba sa ɗauko uwarsu. Tuffa mai zaƙi tana iya haifar da mai tsami. Aure suke yi ma iccen: a yanko reshen iri mai kyau, a ɗaura shi bisa gindin wani, kamar yadda kuka san ana yi ma mangwaro. Kuma sai an dasa iri biyu kusa da juna, ƙudan zuma su riƙa kai garin hure daga wannan zuwa wancan.

To, mu fa? Muna da magarya. Ana aura mata reshen wata magarya ta Indiya, sai ta ba da ɗiya manya masu ruwa. Su ake kira tuffar Sahel, ko da yake ba dangin tuffa ba ne. Tana jimre zafin ƙasarmu. Wanda ke da magarya a gonarsa kada ya sare ta. Ya nemi malamin gona ya gwada masa yadda ake auren, ya kuma kewaye ta da ƙaya saboda awaki.