Idan Kulocin PTO Ya Kafe: Lacca Ga Ɗaliban Aikin Gona Da Masu Tarakta

 

A wannan yanki namu, daga Dambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Kunchi, gonaki ƙanana ne, gona na jingine da gona. Tarakta guda ce ke yi wa ƙauyuka da dama aiki, kuma yawanci tsohuwa ce: Massey Ferguson 135 ko 165, ko Steyr irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi. Ranar da ta tsaya, ba mai ita kaɗai ke asara ba.

Matsalar da zan yi magana a kanta da kaka take bayyana. An kawo injin sussuka, an ɗaura shi a sandar nan ta bayan tarakta da ake kira PTO, direba ya taka kuloci har ƙasa, ya ja liba, sai giya ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ko kuma ta shiga, amma ko an taka kuloci sandar ba ta daina juyawa.

Ga dalili. Kulocin yawancin waɗannan tsofaffin taraktoci hawa biyu ne. Idan ka taka rabi, ka raba inji da tayoyi. Sai ka kai ƙasa sannan faifai na biyu, na PTO, ya saki. To duk tsawon damina haro da huɗa ake yi, babu ruwansu da wannan faifai. Yana nan a matse watanni, danshi na shiga, ƙura na taruwa, har tsatsa ta manne shi da ƙarfen da ke danne shi. Zama ne ya kafe shi, ba wahala ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne saurin da ake yi a ce a raba tarakta gida biyu don a kai ga kuloci. Aiki ne na kwanaki, ga kuɗin kaya daga kasuwar Ƙofar Ruwa, ga dawar mutane a jibge tana jiran gara da awaki. Sau da yawa kuwa ba a kai nan ba.

A fara da fedar kuloci. A kashe inji, a zare makulli, a duba wasan da take yi kafin ta fara cizo. Idan wasan ya yi yawa, ko ka taka har ƙasa ba za ta kai hawa na biyu ba, sai a ɗaure sandar fedar gwargwadon littafin taraktar. Daga nan a buɗe murfin da ke ƙarƙashin gidan kuloci a haska fitila. Akwai notuna uku da ke tura faifan PTO; tazarar kowanne wajen milimita 2 ce a irin su 135, kuma dole ukun su zo daidai. Ɗaya ya saɓa, faifai zai saki a karkace. A nan ne kuma za a ga ko baƙin mai na ɗiga. In faifai ya jiƙe da mai, danƙo ne ya kama shi, wannan kam sai an raba an canza sil.

In ba mai, tazara kuma daidai, tsatsa ce. A tokare feda a ƙasa da itace, a sa PTO a giya, a kama sandar baya da babbar sifana a riƙa jijjiga ta gaba da baya, inji a kashe. Sau tari za ka ji ta yi ƙas, ta saki. Kada a antaya gas ko giris a ciki, faifan zai lalace gaba ɗaya. Kada kuma a danna liba da ƙarfi inji na aiki, haƙoran giya ne za su tafi.

Ɗalibai, ku riƙe wannan da kyau. Sandar nan tana juyi 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Kulocin da ya kafe ba ya tsayar da ita. Mu kuwa mutanen babbar riga ne da rawani, yara kuma ba sa barin wurin sussuka. Kafin hannu ya kai ga liba, ta riga ta naɗe mutum. Duk wanda zai matsa kusa da ita, a kashe inji tukuna, kuma a mayar mata da murfinta.

Masu tarakta, da damina ko ba a buƙatar PTO, a riƙa taka kuloci har ƙasa, a kunna sandar na ɗan lokaci duk mako. In za a ajiye taraktar da rani, a sa ta a rumfa, a tokare feda a ƙasa.