Ɗigon Ruwa da Dutsen Tagulla

 Mun daɗe muna kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje, alhali ramukan haƙar ma'adinai na janye mana ɗalibai. To, mu ɗiga ruwa a kan gilashi, mu ɗiga a kan kyandir: nan ya baje, can ya dunƙule. Kusurwar da gefen ɗigon ya yi, wadda Thomas Young ya bayyana a 1805, ita masana ke aunawa su san ko dutse na jiƙuwa. A mahaƙan tagulla na Zambiya, akan niƙe dutse, a dama da ruwa da sinadari, a hura iska. Ƙwayar tagullar da ta ƙi jiƙa ta bi kumfa ta taso, yashi ya kwanta. Muna roƙon reshe ya saka wannan gwaji cikin bitar zangon nan, kyandir ɗaya ya ishi aji guda.