Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da wani malamin asibiti, ɗan ƙungiya, ya gabatar a taron wata-wata a Agege

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan abin da ya kamata mutum ya riƙe idan ta kama a kai mara lafiya asibiti cikin gaggawa. Allah ya nisanta mu da wannan rana, amma duk mai gida da iyali ya san tana zuwa, kuma ba ta sallama.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wani dare wajen ƙarfe biyu aka kawo mana wani dattijo ɗan garinmu, mai sayar da goro, ba ya magana, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Mutum shida suka rako shi, kowa na salati. Likita ya tambaya yana da wani ciwo, aka yi shiru. Yana shan wani magani? Ɗaya ya ce e, wani fari ƙanƙane. Yaushe abin ya fara? Wannan ya ce da magariba, wancan ya ce yanzu-yanzu. Sai da aka gwada jininsa aka gano suga ne ya sauka ƙasa, don ya sha maganin suga bai ci abinci ba. Allah ya sa da sauran kwana. Amma da a ce ɗaya cikin shidan nan ya ɗauko ledar magungunansa, da tun a bakin ƙofa an san inda aka dosa.

To, jama'a, wannan shi ne kan maganata. Abin da ya fi komai daraja a hannun mai kai mara lafiya shi ne bayani. Kuɗi ma bayansa suke.

Na farko, takarda guda ɗaya. Kowane magidanci ya samu wani yaro ɗan makaranta ya rubuta masa da Turanci, tun ana lafiya: sunan mutum, shekarunsa, ciwon da aka san shi da shi, ko hawan jini, ko suga, ko asma, ko sikila, ko farfaɗiya. A rubuta rukunin jininsa idan an sani, da maganin da jikinsa ba ya so, wanda idan ya sha yake kumbura ko ya yi ƙaiƙayi, da ko an taɓa yi masa tiyata. A ƙasa a sa lambar wayar mutum biyu, ɗaya a nan Ikko, ɗaya a gida Arewa. Wannan ya fi shafar ƙannenmu 'yan ci-rani, masu aiki a mayankar Oko-Oba, da masu dako, da masu gadi, waɗanda iyalinsu ke Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. Idan irinsu ya faɗi a hanya, wayarsa a kulle, wa zai yi magana a madadinsa? Takardar nan a cikin aljihu ita ce bakinsa.

Na biyu, magunguna. A tattaro su duka da kwalayensu a zuba a leda, har wanda aka saya a kemis, har na gargajiya. Don Allah kada a ɓoye jiƙo ko sassaƙe ko tsimi saboda tsoron faɗan likita. Faɗa ba ya kisa, ɓoyewa kuwa tana yi. Idan yaro ne ya sha wani abu, kalanzir ko maganin ɓera ko na sauro, a taho da kwalbar. Kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin kalanzir idan ya dawo yana iya faɗawa cikin huhu.

Na uku, tsofaffin takardun asibiti: kati, sakamakon gwaji, hoton ƙirji ko na ƙashi. Mai ciki kuma katin awonta da hoton ciki su kasance cikin jakarta tun daga wata na bakwai, tare da zannuwa da kayan jariri. Iyayenmu mata, wannan aikinku ne. Wanda yake da katin inshorar lafiya, irin Ilera Eko ta Jihar Legas, ya haɗa da shi, da katin shaidar ɗan ƙasa.

Na huɗu, mutum. A nan muke yawan kuskure. Mutum goma su cika mota, amma wanda ya ga yadda abin ya faru an bar shi a gida yana tsaron shago. Biyu sun isa: wanda ya san labarin ciwon, da wanda yake jin Turanci ko Yarabanci, mai ƙafar zuwa biyan kuɗi da sayen magani. Idan mace ce a haɗa ta da 'yar'uwarta mace, don akwai abin da ba za ta faɗa a gaban suruki ko ɗanta ba. Kuma a duba agogo. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, lokacin da abin ya fara shi ne tambayar farko, domin irin wannan ciwo awoyin farko su ne na ceto. A kuma tuna lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, kuma kada a ba shi koko ko shayi a hanya, don watakila tiyata za a shiga da shi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ma ko ruwa kada a zuba masa a baki.

Na biyar, kuɗi. Ku sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin duba mutumin da ke cikin halin gaggawa. Wata doka ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba a yi masa magani ko babu takardar 'yan sanda, asibiti ne zai sanar da su. Saboda haka rashin kuɗi ko rashin takarda kada ya sa a ajiye mutum a ɗaki. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, za a rubuto magani da gwaji, kuma sai an saya. A ajiye wani abu tsaba a gefe, a riƙe katin banki kuma. Duk mun tuna wahalar takardar kuɗi a farkon 2023, kuma da tsakar dare mai POS barci yake yi. A haɗa da waya mai caji, da caja, da tocila, da zani ko bargo, da buta. Agogo mai tsada da zobe da sarƙa a bar su gida.

Saura maganar hanya. A san inda za a dosa tun yau. Babban Asibitin Orile-Agege shi ne a kusa da mu, ga na Ifako-Ijaiye, ga asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, a Ikeja. Karaya mai tsanani akan tura Igbobi, amma a fara da na kusa, su tsayar da jini, su ba da takardar turawa. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage mana gosulo, amma Legas Legas ce. Lambar gaggawa ta jiha ita ce 767 ko 112, kyauta ne, kuma akwai motocin asibiti na gwamnati tun 2001. Duk da haka kowane gida ya riƙe lambar maƙwabci mai mota ko mai keke wanda zai tashi da dare. Wanda ya faɗo daga sama ko mota ta buge, yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a kan babur. A kwantar da shi miƙe a kan katako, a riƙe kansa.

Wani zai ce, Malam, idan jakar ba ta haɗu ba fa? A tafi haka nan. Mai zubar da jini, da mai sarƙewar numfashi, da mai ciwon ƙirji, da yaro mai jijjiga, da mai ciki da ta ga jini, ba a tsayawa da su neman caja. Wani ya biyo baya da kaya. Shi ya sa nake cewa a haɗa tun yanzu, a rataye a bayan ƙofa, uwargida da babban yaro su san wurin.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabanni. Ƙungiya ta buɗe littafi na 'yan'uwa masu niyyar ba da jini, da rukunin jinin kowa, don sau da yawa akan ce dangi su kawo masu bayarwa, mu kuwa danginmu na nesa. Sannan a zaɓi matasa uku ko huɗu masu jin yare, waɗanda za a iya tasa da dare su yi rakiya. Ni kuma duk wanda ya zo da magungunansa taro mai zuwa, zan zauna bayan sallar La'asar in rubuta masa takardarsa, ba ko kwabo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu da iyalinmu, ya mai da mu gida lafiya.